HANNUNA NE, BA NA HAJIYA MA'U BA

Shafi na 6

Salamu alaikum mutanen arziki. Ku ma masu zagina a ƙasan rubutu na gaishe ku. Ni ke faɗa, Ummi matar maƙwabcina ke bugawa, don ni ban taɓa zama a aji ba. Wadda ta ce wai tsohuwa da ni me ya haɗa ni da gem ɗin waya, ki zo ki ɗaure min yatsu. Masu cewa in yi haƙuri kuma, ku bari ku ji ta yau tukuna.

Kun san inda aka tsaya. Ni Yakaka mai bandar kifi, nan bakin kogin Haɗejia. Jikana Abdulmannan, wanda aka kawo min yaye aka bar min shi har ya tsiro gemu, shi ya saka bidiyon da ya zaga gari. Wasan da ke gudana a ciki nawa ne. Fuskar da ke gefe kuwa ta Hajiya Ma'u ce, kakarsa ta wajen uwa, ta garin Malam Madori. A ƙasa ya rubuta, "Kakata da ta raine ni, gwanar kutse."

Ta raine shi! Matar da ko majinarsa ba ta taɓa share masa ba.

To da hantsi ina juya tarwaɗa a kan ragar banda, hayaƙi na cin idona, sai ga sallamarsa. Ya shigo yana rarraba ido, da ƙullin goro a hannu.

"Iya, ina kwana?"

Na yi kamar da kifin yake.

"Iya, goro ne. Fari. Irin wanda kike so."

"Kai wa wadda ta raine ka."

"Haba Iya. Rubutu ne fa kawai. Haka ake yi don mutane su kalla."

"Jiya a kasuwa mata uku suka tare ni. Wai ashe surukarmu ta Malam Madori ta iya abin zamani. Wai in je in koya. Ni! Ni za a tura koyo!"

Ya tsuguna kusa da murhu yana tari. Da can hayaƙin nan bai taɓa sa shi tari ba.

"Iya, yau ne gasar. Kai tsaye za a nuna, ba na naɗa ba ne. Idan ƙofa ta ƙi buɗuwa, an cire mu ke nan, ni da su Khalid duka."

Ga waɗanda suka shigo mana a tsakiya, bari in faɗa muku abin da ake rigima a kai. Wasan na 'yan bindiga ne, su huɗu suke shiga wani ƙaton gini. To duk ƙarfin bindigarsu sai sun tsaya a bakin ƙofa, sai ɗaya ya yi mata kutse. Fuskar waya sai ta cika da 'yan gidaje kamar ramukan dara. Kai ne koren haske, kana bin gida-gida har ka kai makullin da ke tsakiya. Akwai jan haske, shi ne mai gadi. Ya taɓa ka, ƙararrawa ta tashi, a karkashe ku. Babu karatu a ciki, ido ne da sanyin zuciya. Shekarar da ruwa ya kore mu muka zauna a makaranta, a nan na ga yaron nan yana ta zagin waya, na karɓa na buɗe masa. Tun daga ranar ni ce mai ƙofa.

"To me kake so?" na ce.

Ya sosa ƙeya.

"A falon Kawu Safiyanu za a yi. Akwai labule. Ke za ki zauna a baya da wayar gaske, Hajiya kuma ta riƙe wata a gaban kyamara tana motsa yatsu."

Wallahi sai da na dafa bango.

"Maimaita."

"Iya, na yau ne kawai."

"In zauna a bayan labule."

"Akwai fanka a wurin."

Fanka! Kun ji ɗan da na goya.

Na so in kwaɗa masa sandar juya kifi. Sai wani tunani ya zo min. Na rufe wuta, na yafa mayafina, ko wanka ban sake ba.

"Mu je."

"Ba za ki canza zane ba?"

"Labule yana da ido ne?"

Falon Safiyanu, ɗan Hajiya Ma'u ne, sanyi kamar randa. An kafa kyamara a kan ƙarfe, da wata fitila zagayayya. Khalid abokinsa yana ta jan wayoyi. Ga Hajiya a kan kujera ta harɗe, leshi ruwan goro, lalle har wuyan hannu, haƙorin Makka yana walƙiya.

"A'a! Yakaka ce? Maraba, maraba. Ya gida, ya ruwa?"

"Ruwa ya janye."

"Ya sana'a?"

"Ga ta kina shaƙa."

Ta yi dariya kamar wasa na yi. Khalid ya sunkuyar da kai.

Abdulmannan ya ɗaga labule yana nuna min wata 'yar kujera.

"Iya, nan ne."

Na zauna a tsakiyar kafet, na miƙe ƙafa.

"Nan ya yi min."

"Iya..."

"Kafin a kunna komai, ina da tambaya. Hajiya, a gabanki zan yi. Kai Abdulmannan, wa ya ce maka kada ka bi tsakiya, ka bi gefe-gefe, don mai gadi daga tsakiya yake farkawa?"

"Ke ce."

"Wa ya ce maka ka fara kunna gida ɗaya can nesa ka bar shi, mai gadi ya tafi can yana shinshina, kai kuma ka zagaya? Wa ya sa masa suna ƙoto?"

"Ke ce."

"Gidajen nan masu ƙyallin zinariya da kuke rububin ɗauka, wa ya ce tarko ne, a bar su?"

"Iya, ke ce. Ban musa ba."

"Ƙanƙarar nan da ake daskare mai gadi da ita sau ɗaya tak, wa ya hana ka ɓarnatar da ita tun a farko?"

"Na ce ke ce!"

"To me ya sa duniya ta ce Hajiya ce?"

Ya miƙe tsaye.

"Iya, ki ji tsoron Allah. Ranar Sallah a tsakar gidanki, Hajiya na zaune, ban ce ki zo in ɗauke ki bidiyo ba? Me kika ce?"

"Na ce a'a."

"Kika ce me kuma?"

"Na ce ga Hajiyarka nan, ita ta dace da hoto, ni me na iya."

"To!"

"To me? Sau nawa ka tambaye ni?"

"Sau ɗaya."

"Sau ɗaya! Kai a gidan wa ka tashi? Baƙuwa na zaune a tabarmata, surukar gidan, sai in yi tsalle in ce ni, ni, a ɗauke ni? Kara na yi mata! Kai kuma naka shi ne ka ce a'a Iya, ke dai. In sake ƙi. Ka sake nacewa. Sannan in ce to tunda ka matsa. Ko tuwo aka yi maka tayi haka ake yi, balle suna!"

"Ni ina na san wannan? Kin ce a'a, na ɗauka a'a ce."

"Ka ɗauka a'a ce."

Na juya wurin Hajiya.

"Shi yaro ne, waya ta cinye masa kai. Ke fa? Ke ba ki san kara ba?"

Ta gyara zaman mayafinta a hankali.

"Na sani mana. Amma ni Yakaka, tun ina budurwa ba a yi min tayi sau biyu. Na farko nake amsawa."

Khalid ya saki dariya ya toshe baki da sauri.

"Kuma wannan maganar labule," in ji ta, "yanzu nake jin ta. Mannan, wa ya ce maka ina son a buga min? Ba ni wayar gasken."

"Hajiya, gasa ce fa."

"Na sani. Ba ni."

Ni kuwa dariya ta kama ni.

"Ba ta! Don Allah ba ta. Ina son in ga yadda lalle ke buɗe ƙofa."

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

"Ai na iya, Yakaka. Shi ya koya min."

"Yaushe?"

"Duk Juma'a yana wurina. Daga masallaci sai gidana, sai magariba ta kusa yake tafiya. Har dambun nama nake yi masa."

Na dubi Abdulmannan. Ya dubi fanka.

Duk Juma'a. Jama'a, duk Juma'a yaron nan ce min yake ya tafi Kafin Hausa taya abokinsa tsaron shago. Ni ce mai ajiye masa tuwo a kwano in rufe da faifai. In ya dawo ya ce ya ƙoshi, in ce ko zazzaɓi ne, in jiƙa masa magani. Ashe dambun nama ne a cikinsa.

"Abin da nake faɗa maka muna zaune a bakin murhu," na ce, "shi kake kwasa ka kai Malam Madori?"

"Iya, ita ma kakata ce."

"Ban ce ba kakarka ba ce."

"Ita tana tambayata yadda ake yi, tana yaba min. Ke kuwa kullum sai ki fizge wayar ki ce ba ni da kai."

"To kana da shi ne?"

Khalid ya ɗaga hannu.

"Mannan, lokaci ya yi. An buɗe fili. Mu shiga ko a ba su nasara a banza."

Aka kunna fitila. Hajiya ta karɓi wayar. Abdulmannan ya zauna kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, ya yi wa kyamara murmushin da na san tun ba shi da haƙori.

"Jama'a barkanmu! Ga ni, ga kuma Hajiyata, mai ƙofa!"

Ni ina ƙasa, gefen da kyamara ba ta kaiwa. Amma akwai talabijin a bango da ke nuna wasan, ina gani tar.

Suka yi ta harbe-harbensu har suka isa ƙofar farko. Gidaje suka bayyana.

Ba zan ɓoye muku ba, addu'a nake yi a cikina ta faɗi. Allah Ya sa yatsan ya zame. Allah Ya sa zinariya ta ruɗe ta.

Ba ta ruɗe ta ba.

Ta kunna ƙoto a kusurwar hagu, daidai inda nake kunnawa. Ja ya tafi can. Ta bi gefe, a hankali, kamar kifin da ke bin gindin ciyawar kacala. Ta wuce zinariya biyu ko kallo ba ta yi musu ba. Ƙofa ta buɗe.

"Allahu Akbar! Hajiya!" Abdulmannan ya rungume ta da hannu ɗaya.

Ni sau nawa na buɗe masa ƙofa? Abin da nake samu shi ne, "Yauwa, kawo wayar."

Khalid na karanta abin da masu kallo ke rubutawa.

"Wani ya ce Hajiya ikon Allah. Wata ta ce ina ma kakarta ce. Wani daga Guri ya ce a gaishe da gwana."

Guri. Garin da aka binne cibiyata. Har can ake gaishe ta.

Ƙofa ta biyu ma ta buɗe ta. Ta ɗan yi kuskure, ta tsaya shawara a mararraba, ja ya kusa cim mata, amma ta sha. Kuma ba ta taɓa ƙanƙararta ba. Tafiyata ce sak. Kamar in ga wata sanye da zanena a gidan biki, kuma ya fi yi mata kyau.

Na ce a raina tashi ki tafi, Yakaka, kifinki na can. Har na dafa ƙasa.

Sai suka iso ƙofa ta uku.

Na koma na zauna.

Wannan ƙofar ba kullum take fitowa ba. Masu gadinta biyu ne. Abdulmannan ya sha ganina ina buɗe ta, amma bai taɓa tambayata yadda nake yi ba, ni kuma ban taɓa faɗa ba. Abin da ba a faɗa a bakin murhu ba, bai je Malam Madori ba.

Hajiya ta kunna ƙoto. Ja na farko ya tafi. Na biyu ko motsi bai yi ba. Shi ba ya cin ƙoto, sawu yake bi.

Ta matsa gefe. Ya biyo ta.

Ta koma baya. Na farkon ya gama da ƙoto ya juyo.

"Mannan," ta ce ƙasa-ƙasa, "wannan fa biyu ne."

"Sa ƙanƙara, Hajiya!"

"Kul!" Bakina ne ya kuɓuce. "Ta daskare ɗaya, ɗayan ya cinye ta?"

Duk suka juyo.

Khalid ya ce, "Ana tambaya muryar wa aka ji."

Gumi ya keto wa Abdulmannan. Ya karkato da kai ta bayan kafaɗar Hajiya, yana magana ta gefen baki.

"Iya. Don Allah. Faɗa mata."

"Ba a faɗa. Yi ake yi."

"Don darajar iyayenki."

"Suna kabari, ka bar su su huta."

Hajiya na ta zagaye a kusurwa ɗaya, jajayen nan na matsowa ta dama da hagu. Sai ta ɗago ta dube ni, ta miƙo wayar.

"Karɓi, Yakaka. Abin ya fi ni."

Da na so in ƙi. Amma yatsuna sun riga ni. Na tashi na zauna a hannun kujera, na shiga cikin hasken fitilar nan da zanena mai warin hayaƙi.

Ku saurara, masu buga wasan, wannan kyauta na ba ku. Masu gadi biyu ba a gudunsu. Gudu shi ke raba su, su tare ka gaba da baya. Nemi siririn lungu da biyu ba sa jerawa a ciki ka shiga, ka tsaya. Ka bar su su zo. Zuciyarka za ta ce ka motsa, kada ka motsa. Sai na farko ya shigo lungun, na biyu ya shigo bayansa, sun yi layi kamar kifi a bakin gura, har kana jin kamar sun taɓa ka. Sannan ka saki ƙanƙara. Guda ɗaya ta kama su duka.

Haka na yi. Abdulmannan har ya rufe ido.

Suka daskare, fari fat. Na fice ta ƙarshen lungun, na miƙe tsakiya kai tsaye, don yanzu ba mai farkawa. Na kai koren haskena gidan da ke jikin makulli.

Na tsaya.

"Iya, taɓa! Saura ɗaya! Taɓa!"

"Khalid," na ce, "me suke rubutawa?"

Yaron ya haɗiyi yawu.

"Cewa suke... wace ce wannan. Kowa tambayar da yake yi ke nan. Wani ya ce salon hannun nan irin na bidiyon farko ne."

"To Abdulmannan, ana tambayarka."

"Iya, ƙanƙarar za ta narke!"

"Na fi ka sani. Faɗa musu."

Ya matso da bakinsa kunnena.

"In na faɗa, za su gane bidiyon baya haɗi ne. Za a ce na yi ƙarya. Kowa zai watse min. Iya, in mun je gida zan..."

"A gida na san ko ni wace ce. Su za ka faɗa wa."

Hajiya Ma'u ta ce, "Mannan, faɗi gaskiya mana. Ko ni in faɗa?"

"Ke yi shiru, Hajiya," na ce. "Ba sadaka na zo karɓa ba. Daga bakinsa nake so."

A talabijin farin nan ya fara tsagewa. Ja na leƙowa ta cikinsa.

Abdulmannan ya dubi wayar. Ya dube ni. Ya dubi kyamara, ya jawo murmushin nan ya manna a fuskarsa.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Wannan... wata maƙwabciyarmu ce. Ta shigo gaishe da Hajiya."

Har fankar nan sai da na ji ƙararta.

Hajiya ta ce, "Innalillahi."

Na dubi yatsana a saman makulli. Ƙanƙara ta fashe, jajayen biyu suka fito a guje.

Na sunkuya na ajiye wayar a kan kafet, a gaban ƙafarsa.

"To ai shi ke nan," na ce. "Maƙwabciya ba ta buɗe ƙofar gidan mutane."